Yara Takwas Kafin a Buɗe Kwalba

Sunanta na yanka yana jikin takardar albashi, amma kowa Mai Akwati yake ce mata, saboda shuɗin akwatin sanyi da take ratayawa tun tana budurwa. Shekara ashirin da uku ke nan tana yi wa yara rigakafi a sashen lafiya na hukumar gari, a ɗakin ƙurya da ke manne da sito. Firji ɗaya, sikelin awon jarirai, benci biyu, sai tebur mai ɗingishi da ta tokare da kwali. Wasu daga cikin matan da ke kawo mata goyo yanzu, ita ta tsira musu allura suna cikin tsumma, kuma ba ta fasa tuna musu irin ihun da suka kurma ba.

Haƙuri dai ba ta da shi. Mijinta, tsohon direba, yakan ce da ya san allura zai aura, da ya sake shawara. Amma hannunta ba ya rawa, kuma ba ta taɓa barin firjin nan ya huce ba.

Bana aka zaftare kasafin sashen. Babur ɗin zagaya unguwanni ya kwanta babu mai, abokiyar aikinta ta yi ritaya ba a kawo wata ba. Sai ga takardu biyu daga sama. Ta farko ta ce allura kyauta ce, amma an soke tsohon kati, kowane yaro sai an saya masa sabo. Ta biyu ta ce kwalbar rigakafin ƙyanda ta yara goma ce, in an buɗe ta awa shida take yi ta lalace, don haka kada a buɗe sai yara takwas sun hallara. Da alama waɗanda suka rubuta takardun nan biyu ko gaisawa ba sa yi. Kuɗin kati ya kori mata, rashin mata ya hana buɗe kwalba, mai kuɗi da marar kuɗi duk suka koma gida haka nan.

Ranar wata Talata matar wani mai faci ta shigo da ɗanta ɗan wata tara. Zuwanta na uku ke nan, mota biyu take hawa kafin ta iso. A kan benci goyo biyu kacal ta tarar.

"Mama, yau ma ba mu cika ba ko?" ta tambaya. "Ƙyanda ta shiga gidan da ke jikin namu, yara biyu na kwance. Maigidan ya ce in na dawo haka yau, ba zai ƙara ba ni kuɗin mota ba."

Ran Mai Akwati ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ta, don ta san abin da ƙyanda ke yi wa ɗan wata tara. Ta ce, "Zauna, 'yata. Ko ruwa kike so, aika a kawo miki, kada ki motsa."

Ta zari takardar farko daga bango ta nufi ofishin shugaban sashe.

"Yallaɓai, nuna mini inda aka ce a hana yaro allura in ba shi da sabon kati."

Ya gyara tabarau, ya karanta har sau biyu. "Ba a faɗa ba. Amma ai an san nufinsu."

"Ni karatu aka koya mini, ba duba ba. Zan rubuta a bayan tsohon katinsu."

"To, ban ji ba, ban gani ba. Amma maganar takwas tana nan daram. In kika buɗe wa uku, ni za a tsare. Ƙarfe biyu kuma ake rufe ƙofa."

Ba ta tsaya godiya ba. Ta fita da farar rigarta ta bi layin da ke bayan ofis, ta leƙa shagon ɗinki, ta tsaya a injin niƙa, ta tare masu jiran famfo. Duk mai goyo sai ta ɗaga mayafi ta dubi fuskar yaron.

"Watansa nawa? An yi masa ta ƙyanda? Taso, ba ko sisi."

"An ce sai da kuɗi."

"Wanda ya ce, shi ke riƙe da allurar ko ni?"

Wata ta biyo ta da ƙullu a hannu, wata mijinta ya hana. Ƙarfe ɗaya da kwata ta dawo, ƙafa duk ƙura, da mata huɗu a bayanta. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa kamar za su haihu. Bakwai.

Tana tsaye tana huci, sai mai sayar da kati ya fito daga bayan tagarsa. Saurayin magidanci ne marar hayaniya, wanda matan unguwa suka tsana ba da laifinsa ba.

"Yaya, ki ba ni minti ashirin," ya ce, ya fice da sauri.

Biyu saura kwata ya dawo yana haki, matarsa na biye, da yarinya 'yar wata goma sha ɗaya a kafaɗarsa.

Mai Akwati ta saki baki. "Taka ce? Kai da katin ke cikin durowarka?"

"Ƙirgaggu ne, Yaya." Ya sunkuyar da kai. "Kullum cewa nake sai an yi albashi. Ya zo ya wuce sau biyu."

Faɗa ya zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye shi, don tausayi ya riga shi isowa. Ta wanke hannu, ta buɗe firji ta ɗauko kwalbar, ta dubi matar mai faci.

"Ke kika riga kowa. Kwanto shi."