Gilashin Amarya da Tsagar Inna

Sati biyu da rasuwar Inna, wani direban tirela da ke kawo albasa daga arewa ya tsaya a ƙofar gidanmu a unguwar Zongo ta Lome ya isar da saƙo. Yayanta, wanda ban taɓa gani ba, yana nan tafe zuwa addu'ar arba'in. Ya ce kada a yi masa wata hidima, abu ɗaya yake roƙo: tunda an ce 'yar ƙanwarsa mai ɗaukar hoto ce, a ajiye masa hoton ƙanwar tasa ya ga fuskarta. Rabonsa da ita ya haura shekara hamsin, tun da Baba ya aure ta ya taho da ita kudu fataucin goro. Kowace shekara sai ta ce baɗi za ta je gida, har Allah ya karɓi abinsa.

Matan da ke zaman makoki suka ce ai wannan mai sauƙi ne, a gidan mai hoto za a rasa hoto? Ni kuwa na san ba haka ba ne. Hoton Inna na kirki ɗaya ne tak, ni na ɗauke shi, kuma na san abin da na yi masa.

Na koyi sana'ar a wurin wani dattijo ɗan ƙabilar Mina da ke da shago a unguwar Djidjolé, tun zamanin da ake sa fim a kamara. Ya koya mini da kyau, ba ni da abin faɗa a kansa. Da na dawo Zongo na buɗe nawa shagon sai kasuwa ta buɗe mini, saboda ni mace ce. Inda namiji mai hoto zai tsaya a zaure yana jira, ni sai in ɗaga labule in shige har ƙuryar ɗaki. Suna, biki, walimar sauka, dawowa daga Makka, duk ni ake kira. Madam foto, haka yara da manya suke ce mini.

Abin da ya ƙara fito da ni shi ne wani gilashi da na saya a wurin masu kayan gwanjo kusa da tashar jiragen ruwa. Gilashin da ake ɗaura wa kamara a gaba nake nufi. Na kullum ba ya rufa wa kowa asiri: ƙuraje, tabo, gumi, ƙunar man shafawa, duk sai ya kwaso ya zube a takarda. Wannan kuwa da gangan aka ƙera shi ya riƙa barin haske yana ɗan malalowa. Ido yana nan, baki yana nan, amma fata sai ta yi sumul, gefen fuska ya yi wani laushi mai sheƙi. Yana da zobe a jikinsa. In ka buɗe idonsa sosai laushin ya ƙaru, in ka tsuke shi sai ya koma kusan kamar kowane gilashi. Sauran masu hoto da ba su da irinsa basilin suke shafa wa gilashin banza su kara a gaba, wasu su ɗaura safar mata. Ina yi musu dariya, ina ganin ni ce mai kayan aiki na gaske.

Matan Zongo suka raɗa masa suna gilashin amarya. 'Yan mata masu Faransanci a baki kuma su ce fulu, wato dishi-dishi. "Madam, ki sa mini fulu da yawa, kin ji? Wa mijina na Abidjan za a aika." Na yi shekaru a wannan aiki, kuma zan iya rantsuwa ban taɓa samun mace ɗaya da ta zauna a kujerata ta ce a fito da ita yadda Allah ya yi ta ba. Wadda man bilicin ya ƙone wa kunci tana son a rufe, wadda ta haifi bakwai tana son ta koma budurwa. Maza ma ba su tsira ba, alhazai masu furfura sukan yi ƙasa da murya su ce a ɗan taɓa. Ina yi musu, ina raina su a zuciyata. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ni wace ce a cikinsu ba.

Inna tana da tsaga. Layi uku-uku ne sirara daga gefen baki zuwa wajen kunne, irin ta gidansu. A Zongo wannan ba abin kallo ba ne, tsofaffi da yawa suna da ita, kuma da ita suke gane juna a kasuwa. Na sha ganin baƙuwa ta tsaya gaban tukunyar kokon Inna, ta dube ta, ta ambaci sunan yankinsu, su rungume juna. Amma ni makarantar boko ta Faransanci aka sa ni, a wajen unguwa. Wata rana Inna ta kawo mini abincin da na manta, sai wata 'yar ajinmu ta tambaye ni ko kyanwa ce ta yakushi uwata. Aji ya kwashe da dariya. Da na koma gida na ce mata kada ta sake zuwa makarantarmu. Shekarata tara. Ba ta mare ni ba, kuma da ta mare ni da ya fi mini. Daga ranar in ta kawo abu sai ta tsaya a bakin kwana ta jira a tashi.

Ba ta son hoto. Ba wai don wani malami ya hana ba, cewa take me za a gani. Na yi ta fama da ita shekara da shekaru, har wata ƙaramar Salla ta shigo shagon da kanta, sanye da atamfa sabuwa, ta zauna a kan kujerar.

"Ke 'yar nan, ɗauke ni. Akwai mai tafiya gida bayan Salla, ina so in aika wa Yaya. Ki ɗauke ni yadda nake."

Na ce to, Inna. Na jawo hoda na shafe mata fuska, ta ture hannuna, na ce ai don gumi ne. Na kawo fitilar daidai gabanta, don na san hasken da ya zo ta gefe shi ke tono duk wani layi a fuska, na gaba kuwa cike shi yake yi. Sannan na ɗaura gilashin amarya na buɗe idonsa har ƙarshe. Ba kuskure na yi ba. Hannuna yana kan zoben, juyi biyu kawai zan yi in tsuke shi. Na ce wa kaina gata nake yi mata, uwar madam foto ba za ta fito kamar kowace tsohuwa ba. Gaskiyar ita ce ina da shekara talatin da ɗaya a lokacin, kuma dariyar ajin nan ba ta fita daga kunnena ba.

Hoton ya yi kyau, wannan ba zan musa ba. Da na miƙa mata sai ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana dubawa. Ta ɗan yi dariya.

"Wace hajiya ce wannan?"

"Ke ce mana, Inna."

"To. Ta yi kyau."

Ta mayar mini da shi. Mai tafiya gida ya tafi da sabulu da turmin atamfa, ba hoto. Na yi fushi ma, don Allah ku ji, ni na yi fushi, na ce na ɓata fim da lokacina ba a gode ba. Daga baya na ce za mu sake wani. Ta ce duk ranar da na samu sarari. Shekara huɗu tana kwana ɗaki ɗaya da jikokinta a gidana, kamara tana rataye a bango, ban samu sarari ba. Abin da na samu sararin yi shi ne na faɗaɗa hoton na sa shi a firam na kafa a shago don talla. Mata suna shigowa suna nuna shi da yatsa suna cewa irin wannan suke so.

Da saƙon Kawu ya zo na fara neman mafita. Na ɗauko katin shaidarta, hoton ciki bai fi kan babban yatsa ba, danshin Lome ya cinye shi, hatimi kuma ya hau rabin fuskar. Na bi hotunan bukukuwan unguwa da na ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ko ta faɗo a wani. Na same ta sau biyu, a ɗaya ta juya baya tana rabon abinci, a ɗayan ta ja mayafi ta rufe baki. Sai na ɗauki fim ɗin asali na hau zemijan, babur ɗin haya, zuwa wurin dattijon nan maigidana na Djidjolé, wanda a lokacin ya tsufa ya bar aiki. Ya ɗaga fim ɗin sama ya duba da tabaron ƙara girma. Na roƙe shi ko akwai takarda mai ƙarfi ko wani magani da zai fito da layukan. Ya ce da a wurin wanki aka yi laushin da an gyara, amma wannan tun daga gilashi ne, abin da bai shiga fim ba babu mai fito da shi. Ya tambaye ni me ya sa na buɗe shi haka, alhali ya koya mini ba a yi wa tsofaffi. Na ce haske ne ya yi mini kaɗan a ranar, na yi masa sallama.

Kawu ya iso ana jibi arba'in. Dogon tsoho ne siriri, ƙafafunsa sun kumbura saboda kwanakin da ya yi a mota. Ina ganinsa na fashe da kuka, domin tsagar Inna ce a fuskarsa, uku-uku. Ya yi mini gaisuwa, ya yi addu'a, ya sha ruwa. Bai ko taɓa abincin ba ya ce, "Ɗiyata, ina hoton?"

Na kawo masa firam ɗin na durƙusa a gefe. Ya ɗora shi a cinya, ya goge gilashin firam ɗin da hannun rigarsa. Ya matso da shi kusa da ido, ya nesanta shi. Ya sake gogewa, yana zaton ƙura ce. Ya ce idonsa ya yi rauni, ko za a fita da shi waje. Muka fita tsakar gida, rana tsaka, ya sake dubawa. Ina kallon yatsansa yana bin kuncin hoton daga baki zuwa kunne, yana komawa.

"Ta yi ƙiba a nan ƙasar," ya ce. "Alhamdu lillahi, ba ta wahala ba."

Inna ba ta taɓa yin ƙiba ba, hasken ne ya cika mata fuska.

Can ya ajiye firam ɗin a kan tabarma, ya ce zai gaya mini abin da ya kawo shi, kada in yi masa dariya. Ranar da aka yi mata tsaga yana da shekara bakwai, yana tsaye a bayan wanzamin. Ana cikin yi sai shi ya yi atishawa, jaririyar ta firgita ta motsa, askar ta goce. Layi ɗaya ya karkace ya yi ƙasa. Ya sha duka a ranar, kuma har ta yi aure in suka yi faɗa sai ta nuna masa wurin ta ce aikinka ne.

"To tun da ta tafi nake gardama da kaina," ya ce. "Wata rana in ce a dama yake, wata rana in ce a hagu. Duk wanda zan tambaya ya mutu. Na ce in na ga hoto zan huta. Amma ke kin zauna da ita. A wane kunci ne?"

Na buɗe baki. Na san akwai layin da ya karkace, na san shi sarai, ina iya ganin yadda ya gangaro. Na rufe ido na kira fuskarta tana dama koko, tana salla, tana kwance a asibiti. Duk inda na juya ta, sai fuskar cikin firam ɗin nan ta zo ta tsaya a gabana, sumul. Ni da nake gane wane gefen fuskar amarya ya fi kyau tun tana bakin ƙofa, na kasa. Tun ina shekara tara nake kawar da ido daga wurin.

Tsohon yana jira.

"A dama ne, Kawu," na ce.

Ya sauke ajiyar zuciya. Ya ɗora yatsa a kuncinsa na dama ya ja shi ƙasa a hankali. Ya ce haka ne, dama shi ma zuciyarsa ta fi ba shi dama. Ya sa mini albarka har sau uku, ya jawo kwanon ya ci abincinsa tas.

Bayan arba'in da kwana biyu ya koma. Na ce ya tafi da hoton, ya ce a'a, in bar wa yara, shi ya samu abin da ya zo nema. Ya rasu bayan shekara biyu, an ce har ya mutu yana ba mutane labarin yadda 'yar ƙanwarsa ta raba masa gardama. Na tambayi ƙawayen Inna uku da suka rage a Zongo, kowacce ita kaɗai. Ɗaya ta ce dama, ɗaya ta ce hagu, ta ukun ta ce ita ba ta taɓa lura akwai wanda ya karkace ba. Har yau ban sani ba.