Baba Idi da Birkin Hagu

Daga Riyad

Tun kafin a kira assalatu na tayar da mota a ƙofar gidan maigidanmu a unguwar Malaz. Kekuna uku ne ɗaure a bayanta, irin masu ƙaton taya da ake hawa duwatsu da su. Mu ma uku ne. Akwai ni, Rabi'u, direba. Akwai maigidan, Abu Fahad, mai shagunan kayan miya a kasuwar Aziziya, wanda da sunansa aka yi mana iƙama, wato takardar izinin zama. Sai kuma Baba Idi, wani Bakano mai furfura da ya daɗe yana sauke masa kwandunan tumatir. Ni Bazazzagi ne, don haka duk da ya kusa haifata ba ma raga wa juna.

Bari in faɗa muku abin da ya sa dattijo a wannan tafiya. Iƙamarsa ta kusa ƙarewa, Abu Fahad kuma ya ce ba zai sabunta ba, wai tsufa ya zo, ya koma gida ya huta. Ba da mugunta ya faɗa ba. Sai dai 'yar Baba Idi, Hauwa, saura mata shekara guda ta gama makarantar koyon aikin jinya, kuma da gumin kasuwar nan take karatu. Da ya ji maigida zai je garinsu a yankin Asir a hutun ƙaramar Sallah, zai gangaro dutse a keke har ƙauyen mahaifinsa, sai ya tare shi a bakin shago da Larabcinsa na kasuwa.

"Ya Abu Fahad, tafi da ni. In na sauko dutsen nan a kan keke tare da kai, ka sabunta. In na kasa, ni da kaina zan haɗa kayana."

Abu Fahad ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Tayyib, ya shaiba." Wato, to shi ke nan, mai furfura. Ni dai ban yi dariya ba, don na san dutsen, na kuma san taurin kan Baba Idi.

Muka yi asuba a wani masallacin gidan mai bayan mun fita gari, muka karya da burodin tamis mai zafi da dafaffen wake da shayi, muka miƙi hanyar kudu. Tafiyar ta kusa kilomita dubu.

Wadi Dawasir

Daga Kharj zuwa Laila babu abin kallo sai rairayi da raƙuma da manyan motoci. Baba Idi ne ya cike mana gurbin rediyo. Ya ba mu labarin baƙin kekensa na ƙarfe mai birkin sanda, wanda yake ɗora wa buhun albasa biyu tun daga Kura har Kano yana saurayi. Ya ce akwai ranar da ya goya matarsa da ɗan akuya da tukunya, bai sauke ƙafa ba sai a ƙofar gidan surukai. Ina fassara wa maigida, ina ƙara gishiri.

Na ce, "Baba, ƙasar Kano fa shimfiɗaɗɗiya ce kamar faranti. Wane dutse ka taɓa hawa?"

"Tuƙa motarka, yaro. Ranar da na fara hawa keke, Zariya ko kwalta ba ku da ita."

A shingen 'yan sanda na kusa da Sulayyil aka karɓi takardunmu. Jami'in ya duba ta Baba Idi, ya ce, "Hajji, ta kusa mutuwa fa." Baba Idi ya ce, "Ita za mu je yi wa magani." Jami'in bai gane ba, ya miƙo mana, ya ce Allah ya kiyaye. Muka haɗa azahar da la'asar a Wadi Dawasir, muka ci shinkafar mandi da naman kaza a ƙasa kan leda, iska tana busowa kamar daga bakin tanda.

Abha

Bayan Tatlis ƙasa ta fara tashi, mota ta fara nishi. Kafin mu wuce Khamis Mushait na kashe na'urar sanyi na sauke gilashi. Wallahi a tsakiyar zafi muka bar Riyad, amma da muka shiga Abha bayan magariba sai da Baba Idi ya ciro hular sanyi. Muka kama ɗakuna a wani gidan haya, ƙanin maigida, Sa'id, ya zo ya same mu. Shi ne zai sauko da mota ta kwalta gobe, mu kuma mu bi tsohuwar hanyar jakuna.

Bayan mun ci abinci na sauke keke ɗaya a farfajiya. Ni na saba da su, don kusan kowace Juma'a nakan raka maigida yawo a kwarin Hanifa. Na ce, "Baba, zo ka zaga ko sau ɗaya, in nuna maka giya da birki."

Ya dube ni tun daga sama har ƙasa. "Bazazzagi ne zai koya mini keke? Taya biyu ne, ko an ƙara?"

"Biyu ne."

"To, sai da safe."

Kan Dutsen Suda

Da hantsi muka isa Suda. Ban taɓa zaton akwai irin wannan wuri a Saudiyya ba. Bishiyoyi koraye shar, gajimare yana wucewa ta gabanka kana iya sa hannu a ciki, ga gwaggon birai zaune a bakin titi suna jiran a jefa musu burodi. Wani babba daga cikinsu ya zura wa Baba Idi ido, na ce ga ɗan'uwansa Bakano ya zo tarye. Baba Idi ya ɗaga mini famfon keke.

A bakin hanya akwai wani mutum yana sayar da zuma da kambun furanni. Mutanen wannan yanki, maza ƙarti masu gemu da wuƙa a ƙugu, sukan saƙa fure da ɗaɗɗoya su ɗora a ka. Abu Fahad ya saya mana, ya sa nasa, na sa nawa. Baba Idi ya ce shi dai da girmansa ba zai sa fure a ka ba, ya cusa nasa a aljihu. Hular kwano ma da ƙyar ya yarda ya ɗora a kan hular sanyin. Ya tattare wandonsa ya cusa cikin safa, ya yi bismilla, ya haye.

Farkon hanyar hawa ce, ba mai tsanani ba, tana bin gefen gonakin da aka sassaƙa a jikin dutse hawa-hawa. Nan ne na sha mamaki. Ni da maigida muna canza giya muna haki, dattijon nan bai taɓa giya ba. Ya miƙe tsaye a kan feda, yana jefa keken dama da hagu, ya wuce mu kamar an aike shi. A saman tudun muka tarar da shi yana cin dabino. Abu Fahad ya ce, "Masha Allah!" sau uku. Baba Idi ya ce mini, "Gaya masa yau ba albasa a baya."

Daga nan sai gangare. Hanyar siririya ce, duwatsu ne jere tun na kakanni, dama bango, hagu kwari mai zurfi cike da hazo. Maigida ya shiga gaba, Baba Idi a tsakiya, ni a baya. Mun ɗan taɓa tafiya lafiya, sai ga wata kwana mai kaifi. Ina kallo Baba Idi ya damƙe birkin hagu da dukkan ƙarfinsa. Tayar gaba ta kafe, ta baya ta tashi sama, dattijo ya bi ta kan keken ya faɗa cikin wata ƙaya a gefen bango. Salatin da na yi sai da ya amsa a kwarin.

Allah ya taimaka ta dama ya faɗi. Haɓarsa ta fashe, gwiwa ta goge, jini ya ɓata farin gemun. Ya zauna yana kallon keken da mamaki.

"Rabi'u, na baya na kama. Wallahi na baya na kama."

Sai a lokacin na tuna. Kekunanmu na gida, hagu ne birkin baya, dama na gaba. Kowane yaro da haka ya tashi, hannunsa ya haddace. Waɗannan kuwa an juya su, hagu ne na gaba, kuma ba irin birkinmu ba ne da sai ka matse ka haɗa da silifa. Da yatsa ɗaya yake kamawa. Na yi masa bayani, ya ce, "Wane marar kunya ne ya juya?"

Muka tura kekunan zuwa inda hanyar ta ratsa kwalta, inda Sa'id yake jira da mota. Aka wanke ciwon aka ɗaure. Fuskar Abu Fahad ta sauya, duk raha ta gudu. Ya riƙe hannun Baba Idi ya ce, "Khalas, ya ammi," wato ya isa, baffa. "Na sabunta, wallahi na sabunta. Shiga mota."

Ni har na ji sanyi a raina, na buɗe masa ƙofa. Baba Idi bai motsa ba.

"Gaya masa da kyau, kada ka rage. In na shiga motar nan, don tausayi ya sabunta. Gobe in kwando ya suɓuce mini a kasuwa, zai tuna jinin nan, ya ce ai dama. Ƙarfina bai gaza ba, hannuna ne ya yi kuskure. A bar ni in gyara."

Na fassara duka. Maigida ya dube shi, ya rufe ƙofar motar da kansa.

Baba Idi ya sa hannu a aljihu ya ciro kambun nan da ya raina. Ya zare reshen ɗaɗɗoya da jan fure guda, ya ɗaure su tam a birkin dama. Ya ce, "Inda fure yake, nan ne baya." Hannun hagu kuwa ya naɗe yatsunsa a kan roba, ya bar ɗaya kacal a birki.

Ba zan ce muku saukowar ta yi kyan gani ba. Tafiya yake a hankali, tayar baya tana jan ƙasa, yana magana shi kaɗai a kowace kwana: "Fure, Idi, fure." Sau biyu na ga hannun hagun ya zabura, ya kwaɓe shi da baki kamar mai tsawata wa yaro. Sannu a hankali hazo ya koma samanmu, sanyi ya ragu, muka fara jin ƙanshin hayaƙi da kukan awaki.

Ƙauyen Abu Fahad

Ƙauyen yana kusa da Rijal Alma, a manne da cinyar dutse. Gidajen benaye ne na baƙin dutse, wasu hawa biyar wasu shida, an yi musu ado da farin dutse a kewayen tagogi. Tagogin ƙanana ne, Sa'id ya ce ta nan ake leƙen mahara a zamanin da. Kowane gida shi ne ganuwar kansa, ga hasumiyar tsaro a can sama. Ƙofar shiga ƙauyen ɗaya ce, ƙunƙuntacciya, kuma Abu Fahad ya ja birki a bakinta ya matsa gefe. Baba Idi ne ya fara shiga, a kan keke, bai sauke ƙafa ba sai a gaban masallaci.

Mahaifin maigida, tsoho tukuf da kambun fure a kansa, ya sauko daga hawa na huɗu ba sanda. Da ya ji labari ya ɗaga gemun Baba Idi ya duba ciwon, ya juya ya zazzage ɗansa da faɗa cikin wani Larabci da ban kama ko rabinsa ba. Abin da na tsinta shi ne, "Wannan ne tsohon? To ni mene ne?" Aka kawo gahawa, aka kawo arika, wani kwaɓin alkama da dabino da man shanu da zuma, da dare kuma aka gasa ɗan akuya a rami. Tsohon ya cire kambunsa ya ɗora wa Baba Idi. Wannan karon Baba Idi bai ƙi ba, har hoto ya sa na ɗauke shi, ya ce kada in kuskura in nuna wa Zazzagawa.

Komawa

Mun kwana biyu a ƙauyen, muka hau tsofaffin benaye, muka sha zuma har ta ishe mu. Ranar dawowa mun taso da asuba, muka shiga Riyad bayan isha, zafi ya tare mu tun daga Kharj. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sannan ga Sa'id da tsohonsa da mutanen ƙauyen da suka riƙe mu kamar 'yan gida.

A makon nan aka sabunta iƙamar. Ina ɗakin Baba Idi lokacin da ya kira Hauwa. Ashe hoton ya riga ya tura mata, ta ga fure, ta ga bandeji a haɓa, ta rikice tana tambayar wa ya wanke ciwon, da me aka wanke. Ya bar ta ta gama, yana murza busasshiyar ɗaɗɗoyar nan a hannunsa.

Ya ce, "Wani Bazazzagi ne ya ɗaure, shi ya sa ya karkace. Ke dai ki yi karatunki. Baɗi in na dawo, ke za ki duba mini tabon."