Takun da Ya Rage Tsakanin Ramin da Hamsatou

Labaran mai haƙa kabari ba ya tsoron gawa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki a maƙabartar da ke bayan unguwar Tourou a Parakou, tun da ya baro Djougou ya bar wa 'yan'uwansa fataucin goron da suka gada, don a cewarsu in aka ba shi huhu guda sai ya rabar da rabi kyauta. Hadari ne abin tsoronsa yanzu. Da gabas ta yi baƙi, ko loma ce a hannunsa sai ya ajiye.

Da can ruwan Parakou mai hankali ne, ya zo da wuri, ya sauka a sannu. Yanzu sai ya ƙi zuwa har a gaji da duban sama, sannan ya juye na wata guda a yammaci ɗaya. Itatuwan kan tudu kuma an sare, an yanka filaye. Ruwan ya ƙwaƙule wani ƙaton rami a gefen maƙabartar, kowace damina yana matsowa. A layin da ya fi kusa da bakinsa matar Labaran take kwance, Hamsatou, wadda ya haƙa wa kabari da hannunsa shekara shida da suka wuce.

Kaburburan ba su da allo balle suna, Labaran kaɗai ya san wa ke ina. Kowace safiya bayan ruwa yakan taka daga bakin ramin zuwa wurin Hamsatou yana ƙirgawa. Bara waccan taku goma sha ɗaya ne. Bara bakwai. Bana, ranar da ya sami biyar sai da ya zauna a ƙasa. Ya taɓa tsintar yagaggen likkafani a kan ƙaya can ƙasan ramin, ya san abin da ruwa ke yi.

Ya je wurin delege, wato mai unguwarsu. Mutumin ya ji shi tsaf, ya ce, "Baba, sauyin yanayi ne, duk duniya haka take. Kawo dosiye, takardar koke a rubuce." Labaran ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba.

Sai ya nufi kasuwar Guéma, ya bi 'yan kasuwa shago-shago. Ya gaida Alhaji Dalhatu mai atamfa, ya ce, "Alhaji, tsakanin mahaifinka da ramin saura taku tara."

"Haba Malam Labaran! Da sassafen nan?"

Ya gaya wa Hajiya Iyatu mai tukwane inda tagwayenta suke. Ya sa aka kira Mounkaila direba a Djougou, wanda ajali ya riski mahaifiyarsa a Parakou. Kafin mako ya cika, mutane sun fara sauya hanya in sun hango shi. Amma ranar Juma'a bayan salla sama da mutum arba'in suka taru a bakin ramin. Khalida, 'yar Alhaji Dalhatu, ta rubuta takarda da Faransanci: sunan kowane mamaci, da takun da ya rage masa. Ranar Litinin suka kai ta ofis, su duka. Aka yi alkawarin katangar dutse bayan damina. Kafin nan kuwa suka haɗa buhunan yashi ɗari uku, Mounkaila ya kawo kamyo guda, babbar mota cike da duwatsu.

"Malam Labaran, ina za a jera?" in ji Alhaji Dalhatu.

Buhunan ba za su ishi bakin ramin duka ba, Labaran ya sani. In ya nuna wurin Hamsatou babu mai musa masa, za ta tsira bana, ruwan ya karkata ya kwashe layin sama mai mutum goma sha huɗu. Ya ɗaga hannu ya nuna layin sama.

Hajiya Iyatu ta matso ta rage murya. "Matarka fa, Malam?"

"Daga can ruwan yake shigowa, Hajiya."

Ranar Talata da la'asar aka tsuge da ruwa. Labaran ya tsaya a rumfar da yake ajiye diga da shebur, yana jin ƙasa tana zubewa cikin ramin, tim, tim. Duk addu'ar da ya fara sai ya kasa kai ta ƙarshe. Tsoro yake ji irin wanda bai ji ba ko ranar da Hamsatou ta cika.

Da gari ya waye ya fara duba layin sama. Buhunan sun riƙe. Ya gangaro, ya tsaya a bakin ramin, ya taka. Biyar! Har ya soma hamdala da ƙarfi, sai ya waiga ya ga sawunsa a kan taɓo, kusa-kusa kamar na tsohuwa mai sanda. Ashe bai sani ba ya rage tsawon takunsa.

Ya koma baya, ya buɗe ƙafa yadda ya saba ya sake ƙirgawa. Uku. Ya durƙusa ya dafa ƙasar kabarin, ya ce, "Ki yi haƙuri, Hamsatou." Saura wata biyu damina ta wuce, ga gabas ta soma yin baƙi.