Tantin Habu a Mashayar Shanu

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar Habu Mai Tamfol, kuma har yau akwai wata magana da nake fatan a ce ban furta ta ba. Ga wani makiyayi na faɗe ta, a bakin ruwa, da rana tsaka, amma Habu ne ya ɗauki nauyinta. An ce magana zarar bunu ce. Tawa ta fita tun ina saurayi mai tashe, yanzu ga ni da furfura har a gira, ban ga ta koma ba.

Habu ɗan gwaggona ne, wato taubashina. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka ko da ya girme ni, bawana nake ce masa. Shi kuma ya ce mini ubangida mai aron wando. Ban tuna ranar da muka gaisa kamar mutanen kirki ba. Rumfarsa tana Gyadi-Gyadi, bakin titin Zariya, inda yake ɗinka wa manyan motoci tamfol da basilla da zare mai kauri. Ni direba ne, karatuna bai wuce allo da ɗan abin da na tsinta a firamare ba. Lokacin nan Gyadi-Gyadi kusan ƙarshen gari ne. In ka wuce Tarauni sai gonaki, Darmanawa da Daurawa kuwa ƙauyuka muke ce musu.

A shekarun alif ɗari tara da saba'in Turawa masu ratso hamada sukan yada zango a Kano, da motocinsu masu gado da murhu a ciki. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya kawo wa Habu tanti ya yage. Habu ya juya shi ciki da waje, ya duba ɗinkin, ya ce ashe abin ba tsafi ba ne. Daga nan ya shiga tara ragowar tamfol, kore da ruwan ƙasa da wani mai kalar toka, yana haɗawa in aiki ya lafa. Ya kusa cinye damina guda a kansa. Har taga ya yi masa da yankin gidan sauro. Mutanen layi suka ce Habu zai koma Bafillace.

Duk rani, in ciniki ya yi sanyi, sai mu ɗora tantin a mota mu nufi Tiga, inda ba a daɗe da datse kogi ba, ruwa ya kwanta iya ganinka. Akwai wani ƙauyen masunta da Habu ya saba da su. Mai masaukinsa wani dattijo ne, Baba Ɗanjuma. Habu yana gyara musu rumfunan shanya kifi, su kuma suna ba shi kwalekwale da fatsa, suna kiransa Na-Birni. Yana da tari da warin tamfol ya sa masa, kuma ya sha gaya mini duk duniya nan ne kaɗai ƙirjinsa yake buɗewa. Ku riƙe wannan, domin shi ne abin da na raba shi da shi.

Abin da yake ƙona mini rai a tafiyar shi ne zaɓen wurin kafa tanti. Habu ba ya sauke ko tabarma sai ya zaga wurin da ƙafa, hannu a baya, kamar mai neman aure. Yana ɗaga kai ya duba rassan bishiyoyi, in ya ga shara da busasshiyar ciyawa sun maƙale a sama, ya san nan ruwa ya taɓa kaiwa, sai mu ƙara hawa tudu. Yana duba ƙasa, ko akwai gidan tururuwa ko ramin da bai san mai shi ba. Ba ya kwana ƙarƙashin bishiya mai busasshen reshe. Tsamiya kuwa ba ya kusantarta, ya ce ko babu mutanen ɓoye akwai macizai. Yana jiƙa yatsa ya ɗaga ya ji inda iska take fitowa, domin wurin da iska ba ta ratsawa gidan sauro ne. Mota kuma a bar ta kan ƙasa mai tauri, gabanta yana kallon hanyar fita. Bayan duk wannan sai ya ɗauki goro da gishiri ya shiga ƙauye ya yi sallama, ko da kuwa bara ma nan muka sauka, don ruwa yana ja da baya ko ya ƙaru, wuraren mutane suna canzawa da shi.

Nakan ce masa, "Sarkin Zaɓe, kabari za ka haƙa ko tanti za ka kafa?"

Yakan ce, "In na bar maka zaɓin, duka biyun za a yi."

Yana da wata magana da ya maimaita har na haddace ba da niyya ba: duk wuri mai kyau a bakin ruwa yana da mai shi. In ba na mata masu wanki ba ne, na shanu ne. In ba na shanu ba ne, na ruwan ne da kansa, ya tafi unguwa ne, zai dawo.

Shekarar da abin ya faru, ba a daɗe da fita daga farin nan da ya kashe dabbobi ba, ni kuma na sayi a-kori-kura ta kaina, kaina ya kumbura. Muka isa da hantsi. Daga kan tudu na hango wani gangare mai laushi, shimfiɗe kamar an share, ya sauka har cikin ruwa, babu ƙaya babu dutse. Hagu da dama duk baƙin taɓo ne. Habu ya ɗauki ƙullin goronsa, ya nuna gangaren da haɓa, ya ce kada in sauke komai sai ya dawo, musamman can.

Na ce, "Yaushe bawa ya fara ba ubangidansa oda?"

Ya ce, "Ba wasa nake ba, Sule."

Sunana ya kira, abin da ba ya yi. Ya kamata wannan kaɗai ya tsayar da ni. Amma wanda kuka tashi tun yarinta kuna zolaya, ranar da ya yi maganar gaske sai ka ji ta kamar sauran. Yana ba da baya na gangara da motar, na gicciye ta a bakin ruwa, na kafa tantin, na buga turaku, na hura wuta. Na ga sawun kofato, na ga kashin shanu. Ba zan ce ban gani ba. Na sa ƙafa na ture shi gefe.

Bayan azahar sai ga garke ya sauko. Shanu ne ramammu, ƙashin haƙarƙari a waje, da gani sun yi tafiya mai nisa. Mai su wani magidanci ne, ya rataya sanda a kafaɗa. Ya tsaya daga nesa ya yi sallama, ya ce, "Malam direba, don Allah ka ɗan ja motarka. Nan ne mashayarmu, babu inda saniya za ta taka sai nan."

Aikin da bai fi a tayar da mota a ja ta gefe ba. Amma sai na ce, "Ruwan gwamnati ne, ba na ubanka ba."

Shanun kuwa sun ji ƙanshin ruwa, suka matso, wata ta taka igiyar tanti. Na shiga mota na danna hon, na riƙe. Garken ya watse. Waɗanda suka yi baya suka tsira, wata farar saniya mai tsohon ciki ta yi gefe ta faɗa taɓon nan, ta nutse har ƙirji. Tana yunƙuri tana ƙara shiga.

Ihun makiyayin ne ya kawo Habu da Baba Ɗanjuma da masunta. Habu ya dubi saniyar, ya dubi motar, bai dube ni ba. Ya zaro wuƙarsa ya nufi tantin. Na ga ya sa ta a ɗinkin da ya cinye masa damina, ya tsarge shi daga sama har ƙasa. Suka shimfiɗa rabi a kan taɓon don mutane su samu wurin takawa, suka cusa ɗaya rabin ƙarƙashin cikin saniyar, suka ɗaure da igiyoyin tantin. Sai a lokacin ya yi mini magana. Ya ce in juya mota in ja a hankali, in kuma na sake taɓa hon zai yanke mini hannu. Muka fito da ita. Amma ba ta tashi ba. Ƙafarta ta baya ta karye, ga yunwa ta riga ta ci ƙarfinta. Kafin la'asar sakaliya aka yanka ta, da ɗan cikinta.

Babu wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da na fi samun sauƙi. Habu ya durƙusa gaban makiyayin, ya ce shi ya kawo ni, laifin baƙo kuwa na wanda ya kawo shi ne. Dattawa suka zauna suka daidaita abin da za a daidaita. Makiyayin ya ce saniya ta Allah ce, ya karɓi abarsa, amma ubansa da aka ambata bai daɗe da rasuwa ba. Da muka ɗaure kaya, Baba Ɗanjuma ya yi mana addu'a daga zaune. Kullum yakan raka Habu har bakin hanya, yana riƙe da hannunsa. Ran nan bai tashi ba.

Habu bai sake komawa ƙauyen ba har ya bar duniya. Ba korarsa aka yi ba. Na ji sun yi ta aiko masa da busasshen kifi, suna tambayar Na-Birni. Kunya ce ta hana shi, kunyar da ni ya kamata ta kama. Tarinsa kuwa ya ci gaba da zama da shi a rumfa.

Bayan 'yan kwanaki sai na tarar ya ɗinka wa kujerar motata riga da ragowar tamfol ɗin, har da tabon lakar bai fita ba. Ya ce, "Ubangida, ka riƙa zama a kan aikinka." Aka yi dariya, ni ma na yi. Nan ne kuskurena na biyu. Duk lokacin da na buɗe baki zan ce ya yafe mini, sai wasa ya riga ni fitowa, ko nawa ko nasa. Na ɗauka ai ya sani. Ina jin ya sani ɗin, amma sani daban, ji daban.

Kwanan baya jikana ya nuna mini a waya irin tantin da ake yayi yanzu, wanda ake jefawa ya buɗe kansa kamar lema. Shi da abokansa za su je bakin dam su kwana biyu. Na tambaye shi yadda suka zaɓi wuri, ya ce sun gani a hoto, ya yi kyau. Na yi ta tunanin abin da Habu zai ce. Na tabbata tantin zai fara juyawa ya duba ɗinkin, ya taɓe baki ya ce ruwan farko zai tona masa asiri. Amma ba zai hana su tafiya ba. Habu bai taɓa ganin son bakin ruwa a matsayin shashanci ba, ko lokacin da duk layinmu suke ganin haka. Zai dai tambaye su wa suka sani a can, wa za su gaisar. Hoto ba ya nuna sawun kofato, ba ya nuna sharar da ke saman bishiya. Baƙo ko da idonsa makaho ne, balle wanda ya aro idon waya.

Da zai zaga Tarauni yau, ya ga gidajen da aka dasa a kan hanyar ruwa, duk damina ana kwashe katifu, ba na jin zai yi mamaki. Zai ce mai wurin ne ya dawo daga unguwa. Da zai ji yadda ake zubar da jini a kan burtali da mashaya a wasu wurare, nan ne na san zai yi shiru. Ni na ga yadda irin wannan take farawa. Ba ta farawa da makami. Tana farawa ne da mutum ɗaya da ya ga wuri ya yi masa kyau, aka roƙe shi ya matsa, ya ambaci uban wani.

Na zaunar da jikan nawa na karanta masa karatun Habu tun daga rassan bishiya har goron sallama, kuma ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. A kan wannan ba na shakka, domin na koye shi da tsada. Shekaru bayan abin Tiga, Habu ya sake ɗinka wani tantin, ƙarami, muka je bakin kogi wajen Wudil. Da muka isa sai ya zauna a mota ya ce yau ubangida ne zai zaɓa. Na zaga, na duba sama, na duba ƙasa, na shiga ƙauye na yi sallama na fito, na sake zagawa. Da na dawo ya leƙo ta taga ya ce, "Sarkin Zaɓe, kabari za ka haƙa?" Bai gyara mini ko turke ɗaya ba. Wannan ita ce yafiyar da na samu, kuma na karɓe ta, sai dai ban roƙa ba aka ba ni.

Rumfar Habu yanzu shagon sayar da waya ne. Tantunansa sun ruɓe, motar tawa ta daɗe da zama ƙarfen awo. Abin da ya rage shi ne tafiyar nan tasa, hannu a baya, yana tambayar wuri ko na wane ne kafin ya sauke kaya. Na gan ta a ƙafafuna, ina fatan in gan ta a na jikana.

Roƙona gare ku biyu ne. In kun isa bakin ruwa kuka ga wurin da ya fi ko'ina kyau, ku bar kayanku a mota ku nemi mai shi. In kuma kuna da wanda kuke wasa da shi, kuka yi masa laifi, ku ajiye wasan ku kira sunansa na yanka, ku ce ya yafe muku tun kunnensa yana ji. Ni sai yau na yi, a jarida, inda ba zai iya mayar mini da baƙar magana ba.

Abubakar, ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya sa ka sauka a wurin da ba za a ce ka matsa ba.