Rigunan da Baba Ya Ɗinka a Baibai

Shekara talatin Baba yana kan keken ɗinki, kuma alfaharinsa ɗaya ne: ba ka taɓa ganin bakin zarensa. Da na haihu, likita ta ce jaririyar tana da wata cutar fata da ba a cika gani ba. Ko zare ya goge ta, sai wurin ya yi bororo ya saluɓe. Baba ya koma shago.

Washegari ya kawo riguna uku masu laushi, ɗinkin duk a waje.

Ƙanwata ta kwashe da dariya. "Baba, ido ya fara tafiya ne?"

Ya goga cikin rigar a kumatunsa. "Ku waje kuke kallo. Amaryata jaririya kuwa, cikin ne a jikinta."