Duhun da Suka Goge

Duk unguwa Dakata suke ce masa, domin ya fi shekara talatin a bayan kyamara yana daka wa mutane tsawa da wannan kalma. Dakata, gyara wuyanka. Dakata, kin rufe ido. Mai hoto ne, kuma mai zafin rai, irin wanda zai shanya ango da amarya a rana har sai haske ya yi masa yadda yake so. Ana tsine masa a ranar, ana sa masa albarka idan hoto ya fito. Da wayoyi suka zo kowa ya zama mai hoto, ya rufe shago bai yi wa kowa sallama ba, ya koma gidan 'yarsa da gado ɗaya, akwatin kaya ɗaya, da kwali huɗu na kaset.

Kaset ɗin na wani tsohon shiri ne na 'yan sama jannati da ake nunawa duk Asabar ƙarfe biyar, tun 'yar tana rarrafe. Labarin wani kumbo ne da ya ɓace a sararin sama, mutanen cikinsa suna neman hanyar gida. A lokacin Dakata ba shi da na'urar naɗa daga talabijin, sai ya riƙa kafa kyamarar aikinsa a tsakar falo, ya saita ta ga gilashin talabijin, ya ɗauka. Duk wanda ya san aikin zai gaya maka wannan shirme ne. Hoto yana rawa, gilashi kuma yana kwaso duk abin da ke cikin ɗaki. Dakata ya fi kowa sani, ya kuma yi ta yi har shekara biyu.

Matarsa kuwa ba ta yarda da hoto ba har ta koma ga Mahaliccinta. Ya ɗauki rabin gari, amma ita da ta ga ya ɗaga kyamara sai ta kare fuska da hannu ta shige ɗaki, ta ce ya je ya yi wa masu kwalliya. Bayan rasuwarta da 'yan watanni yana kallon kaset na goma sha tara, aka zo wurin da injin kumbon ya mutu, gilashin talabijin ya yi baƙi ƙirin kusan minti guda. Baƙin gilashi madubi ne. Ga ta nan a ciki, tsaye a bakin ƙofa da kwandon wanki a ƙugu. Shekara goma sha ɗaya ke nan bai gaya wa kowa ba. Kunya ce ta hana shi, da girman kai: mai hoto guda, a ce hoton matarsa ɗaya tak a duniya, shi ma kuskure ne.

Rigimar ta taso ne da damina, da fumfuna ta kama kwalayen, warinsu ya cika gidan. 'Yar ma'aikaciyar jinya ce, ba ta wasa da abin da ake shaƙa.

"Baba, an fito da sabon bugun shirin nan a faifai," ta ce. "An wanke shi tas, an gyara launi, an gyara murya. Mu saya maka, waɗannan a fitar da su."

"An wanke shi? Datti ya yi musu?"

"Ka je ka gani da idonka tukuna. Amma ranar Asabar kwalayen nan za su bar gidan nan, mijina tari yake yi."

Ya tafi, ba don yana so ba, sai don ya samo abin da zai kushe. Mai shagon faifai mutum ne mai ƙiba da fara'a, wanda ya ɗauka duk tsoho abin lallashi ne. Ya jawo masa kujera, ya sa faifan a wata ƙatuwar talabijin da ta cinye rabin bango.

Gaskiya abin ya yi kyau, kuma kyan nan ne ya fi ɓata wa Dakata rai. A da, idan ka zuba ido, kana ganin siririn zaren da aka rataye kumbon da shi, ka san wani bawan Allah ne a sama yana ja da hannu, gumi na zuba. Yanzu babu zare. Fuskar kyaftin, wadda ke da tabo a goshi da gajiyar mutum mai ɗauke da rayukan mutane, an goge ta ta yi sumul kamar dafaffen ƙwai.

"Wannan ba kyaftin ba ne, mai tallan man shafawa ne," in ji Dakata.

Mai shago ya yi dariya. "Dattijo, ai zamani ne. Ka dubi taurarin nan, kamar ka miƙa hannu ka tsinko."

"Sa mini kashi na goma sha tara. Inda injin ya mutu."

Ya san matarsa ba za ta fito a nan ba, ba mahaukaci ba ne. Abin da yake so ya gani shi ne wurin da ta tsaya. Injin ya yi tari ya mutu, kamar yadda ya saba. Amma maimakon duhu, sai ga taurari sun cika allo fal, da wani gajimare shuɗi da ja yana juyawa, har da kiɗa a ƙasa-ƙasa.

"Ina duhun?"

"Sun cike shi. An ce rashin kayan aiki ne ya sa aka bar shi haka a da. Mutanen yanzu idan suka ga baƙi sai su zaci talabijin ɗinsu ce ta mutu."

Dakata ya miƙe har kujera ta faɗi. "Wa ya aike su? Mutane sun ɓace, injinsu ya mutu, ba su san gabas ba balle yamma, ku kuma kun kunna musu fitilun biki! Wanda bai taɓa zama cikin duhu ba shi zai gyara wa mutane duhu?"

Mai shago ya ɗaga kujerarsa ya ce Allah ya huci zuciyar dattijo. Dakata ya fita yana faɗa shi kaɗai, masu wucewa suna kauce masa.

Ya iso gida ya tarar an jawo kwalayen zuwa bakin ƙofa, ga shi ranar Alhamis ce. 'Yar tana tsaye da tsintsiya, ta ɗaure hanci da ƙyalle.

"Ke! Asabar kika ce."

"Shara nake yi, Baba. To, ka gani? Mu saya?"

"Ko kyauta aka ba ni sai na jefa a kwata. Sun cire zare, sun goge fuskar mutum, sun..."

"Baba." Ta sauke ƙyallen. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, zafin ransa ne a idonta. "Tun ina ƙarama kake faɗa a kan shirin nan. An hana mu motsi, an hana mu tari, yanzu kuma mijina ne zai kwanta asibiti saboda zare. Ka ba ni dalili guda ɗaya wanda ba zagi ba ne. Guda ɗaya. In babu, wallahi yau za su fita."

Sai ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ciro kaset na goma sha tara. Tsohuwar na'urar bidiyonsa ta fara cin zaren kaset, duk kallo ɗaya sai hoton ya ƙara dushewa, shi ya sa ba ya sa shi sai sau ɗaya a shekara. Ya tura shi ciki, ya kashe murya gaba ɗaya.

"Kada ki kalli kumbon," ya ce. "Ki kalli gefen hagu, wajen sama."

Injin ya mutu, gilashi ya yi baƙi. 'Yar ta saki tsintsiya. Ta matso har numfashinta yana taɓa talabijin, ta ɗaga hannu kamar za ta shafa, ta fasa.

"Mama ce," ta ce. "Baba, bakinta yana motsi. Magana take yi."

Kafin ya tare ta, ta kai hannu ta ƙara murya. Ta cikin shuuu ɗin tsohon kaset muryar matar ta fito, da 'yar dariya a ciki.

"Wai har yanzu mutanen nan ba su isa gida ba?"

Sai wata murya ta biyo, ta namiji, kusa da kyamara, da ƙarfi har lasifika ta yi rawa.

"Ki yi mana shiru, ɗauka nake yi! Kullum sai kin ɓata mini aiki."

Matar da ke cikin gilashin ta gyara kwandonta, ta juya. Injin kumbon ya tashi, haske ya dawo ya shafe ɗakin.

'Yar ba ta waiwayo ba. Shi kuma fushin da ya kwaso tun daga shago ya rasa wanda zai sauke wa, ya dawo masa a ƙirji.

"Kwali huɗu ne," ta ce a hankali. "Akwai wani wurin da ta sake magana?"

"Na bi su ɗaya bayan ɗaya, sau uku," ya ce. "Babu. Na ce ta yi shiru, ta yi."