Tambayar da Inna ta yi wa Yaya

Yayata tafinta ce a wani babban asibiti, kuma ni dai ba ma ga maciji da ita. Tun tana yarinya ta kwashe yaren maƙwabtanmu a bakin famfo, ta haɗa da na makaranta, shi ke nan kowa ya ɗauki son duniya ya ɗora mata. Aikinta ta tsaya tsakanin gado da likita, kunnenta na ɗaukar maganar wannan, bakinta na sauke ta wancan. Idan mara lafiya ya ce "cikina ke ciwo", ita ma "cikina" za ta ce, kamar nata ne. Idan ya zage ta, sai ta juya zagin tsaf ta miƙa wa likita.

Likitoci suna yabonta, wai ƙwaƙwalwarta birki gare ta: ta danne yare ɗaya ta saki ɗaya, ana kuka a gefenta hankalinta bai rabu biyu ba. Mu a gida mu muka ci wuyar birkin nan. Ka zo mata da faɗa, sai ta zuba maka ido har ka gama, sannan ta maimaita maka abin da ka faɗa a tsare, ka ji kanka kamar sakarai. Ban taɓa jin ra'ayinta a kan komai ba.

Da ciwon Inna ya yi tsanani, asibitinsu aka kwantar da ita, kuma likitan ba ya jin Hausa. Ranar da sakamakon gwaji ya fito na tare Yaya a baranda, kusa da keken tura marasa lafiya.

"Yaya, don Allah in labarin ba daɗi, ki rage masa kaifi. Kin san Inna da tsoro."

"Auta, ni ba na ragewa, ba na ƙarawa."

"Uwarki ce fa."

"Na sani," ta ce, ta gyara katin aikin da ke wuyanta.

Muka shiga. Likita ya yi bayani a hankali, Yaya na bin sa jimla bayan jimla, muryarta ko rawa babu. Ciwon ya bazu. Tiyata ba za ta yi amfani ba. Za a ba da maganin rage zafi. Ina riƙe da ƙafar Inna, ji nake kamar in shaƙe Yaya.

Inna ta saurara har ƙarshe. Sai ta ɗauke ido daga kan likita, ta kamo bakin rigar Yaya.

"Ke nake tambaya, ba shi ba. Ke da na haifa. Zan koma gida kuwa?"

Yaya ta juya wajen likita ta fara fassara masa. Ta kai tsakiya kafin ta ji abin da bakinta ke yi, ta yi tsit. Likitan ma sunkuyar da kai ya yi.

Inna ta saki rigar. Ta ce da ni, "Auta, juya ni wajen bango."

Ta ƙara kwanaki a ɗakin nan. Kullum Yaya na zuwa bayan an tashi aiki, ta cire katin, ta zauna a bakin gado tana jira. Inna ba ta sake tambayarta komai ba.